Aikin injiniyan manhaja a ƙasar waje: da aiki ake farawa ko da biza?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Na shekara huɗu ina rubuta manhaja da harsunan kwamfuta na Java da Python, amma difloma kawai nake da ita, ban yi digiri ba. Na sha aika takardun neman aiki zuwa kamfanonin Turai da Amurka, kuma da zarar an zo kan tambayar ko ina da izinin aiki a ƙasar, sai zance ya mutu. Shin biza ake fara nema ko aiki? Kuma rashin digiri ya rufe mini ƙofa ke nan?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. A mafi yawan ƙasashe aiki ne ke jawo biza, domin kamfanin da ya ɗauke ka shi ne zai tsaya maka a gaban hukumar shige da fice, kuma ba kowane kamfani ne ke da ikon yin haka ba. Ina kyautata zaton a nan matsalarka take: kana aika takardu zuwa wuraren da ko sun so ka, ba su da hanyar kawo ka. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata daga waje, haka ma hukumar shige da fice ta ƙasar Holan, wato IND, kuma kowa yana iya duba su kyauta a intanet. Ka riƙa duba sunan kamfani a ciki kafin ka ɓata lokacinka. Sannan ka sani cewa akwai mafi ƙarancin albashin da dole a ba ka kafin a amince da bizar, wanda a Birtaniya aka ɗaga shi zuwa fam 41,700 a shekara a watan Yulin 2025, shi ya sa kamfanoni ba sa cika wahalar da kansu a kan masu fara aiki.

'Yar Manhaja ta amsa:

Maganar Tsohon Hannu gaskiya ce, sai dai ya tsallake Jamus, alhali ita ce ta fi dacewa da halin da kake ciki, ɗan'uwa. Tun watan Nuwamban 2023, masanin fasahar kwamfuta da ba shi da digiri yana iya samun izinin zama da aiki na Blue Card, matuƙar ya nuna ya yi aikin na shekara 3 a cikin shekara 7 da suka wuce, kuma albashin da aka yi masa tayi ya kai adadin da ake sanarwa kowace shekara. Can kamfani ba ya buƙatar wani lasisi na musamman, yarjejeniyar aiki da takardar da zai cike game da aikin su ne ginshiƙi. Wanda ya samu wannan izini yana iya neman zaman dindindin bayan wata 27, ko wata 21 idan Jamusancinsa ya kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, don haka kada ka raina koyon harshen ko da da Turanci za ka yi aiki.

Akwai kuma a Jamus hanyar da biza ke riga aiki, wato izinin neman aiki na Chancenkarte da aka fara a watan Yunin 2024. Tana ba mutum damar zama har shekara ɗaya yana neman aiki, yana kuma iya yin aikin wucin gadi na awa 20 a mako, amma sai ya tara maki 6 a tsarin auna cancantar mai nema, ya kuma nuna yana da kuɗin da zai riƙe kansa. Ni dai ba na ba kowa shawarar ta sai mai ajiya mai kauri, domin zaman jiran amsa a ƙasar da haya ke da tsada yana cinye guzuri da sauri.

Malamin Lissafi ya amsa:

Game da Amurka, shawarata ita ce ka ajiye ta tukuna. Bizar H-1B, wato ta ƙwararrun ma'aikata, guda 65,000 ake bayarwa a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in ƙasar, kuma masu nema sun ninka haka, sai an yi ƙuri'a a watan Maris. Tana kuma buƙatar digiri, wanda idan babu shi ana lissafa shekara 3 na aiki a madadin kowace shekara ɗaya ta jami'a. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce L-1, inda kamfani mai rassa yake mayar da ma'aikacinsa zuwa Amurka bayan ya yi masa aiki na shekara ɗaya a wata ƙasa.

Ka kuma yi hattara da dillalan da ke cewa za su sayar maka da takardar ɗaukar nauyi, wato wadda kamfani ke ba ma'aikaci don ya nemi biza da ita. A dokar Birtaniya kuɗin wannan takarda a wuyan kamfani yake, kuma idan aikin na bogi ne kai za a soke wa biza.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, da wace hujja ake tabbatar da shekarun aikin?

'Yar Manhaja ta amsa:

Da wasiƙa daga kowane wurin da ka yi aiki, mai ɗauke da ranar farawa da ranar barinka da ayyukan da ka riƙe dalla-dalla, sai ka haɗa da yarjejeniyoyin aiki da takardun biyan albashi. Ka fara tattara su tun yanzu, musamman na kamfanonin da ka bari, domin wanda zai sa maka hannu yau ba lallai ne ka same shi a kujerarsa baɗi ba.