Ina so in ɗauki hoton maƙwabtana ranar Sallah, ta ina zan fara?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan ina haya a wani bene a unguwar Zariya 2 nan Maraɗi, gida 8, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Watan jiya dattijon da ke ƙasa da ni ya rasu, ban ji ba sai da na taso aiki na tarar da tabarmi a ƙofa, an riga an kai shi. Na zauna gaisuwa ban san ko sunan ɗansa ba, abin ya tsaya mini a rai. A Bagalam na tashi, inda in tukunyar wani ba ta hau wuta ba, kafin la'asar an aiko masa da kwano. Ina da kyamara. Ina so ranar ƙaramar Sallah in ɗauki kowane gida in wanke in ba su, na taro kuma mu rataya a matakala. Ba zan sa a intanet ba. Mai benen zan fara tambaya ko magidanta? Kuma nawa ake wanke hoto yanzu?

Abban Sultana: Allah shi jiƙan shi. Amma kada ka sa a Facebook, mutane ba su so.

Ɗan Bagalam: Amin. Ai na ce ba zan sa ba.

Maman Ikram: Ƙanena, kowa haka yake cewa. Sunan ɗiyar maƙwabciyata aka yi, a Ali Ɗan Sofo. Tun asuba muna kan murhu, na cire hijabi na ɗaura zani ina tuƙa tuwo, mu mata zalla. Wata ƙanwar mai jego ta ɗauke mu da salula, har muna yi mata dariya. Kafin magariba hoton ya hau WhatsApp, daga nan ya kai wurin wan mijina a Yamai. Shi ya kira maigidana ya ce haka ake barin iyali? Kwana 12 na yi a gidanmu kafin a yi biko. Yarinyar ta zo tana kuka, ta ce ta goge. Ta goge a wayarta, ta sauran fa? Har yau in na je buki bayan ƙyaure nake zama. Da ni da maƙwabciyar nan kullum muna musayar gishiri da barkono, yanzu sai gaisuwa daga nesa.

Mai Shayin Fada: Innalillahi. Yaya, Allah shi ba ki haƙuri. Tun 2019 akwai doka kan laifukan intanet a ƙasar nan, da kin kai ƙara.

Maman Ikram: In kai ɗiyar mutane gaban alƙali, sannan in ci gaba da shanya a igiya ɗaya da yayarta?

Bamokoye: Kan kuɗi, ƙarami 50 ake wankewa kusa da babbar kasuwa.

Abban Sultana: 50 ina? Dala 100 na biya, wata biyu da suka wuce.

Bamokoye: Dala 50 nake nufi, sefa 250. An cuce ka ne don an gan ka da mota.

Tsohon Mai Hoto: Duk ba ku faɗi girman hoton ba. Shekara 20 na yi ina wannan sana'a tun ana sa fim a kyamara. Na matakala babba ne, da gilashi, ka tanadi jikka 5. Kuma ɗana, magidanta za ka bi, bayan sallar isha'i, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce sai yara kawai, ɗauki yaran ka yi godiya. Kada ka leƙa ɗakin kowa, su fito da kansu cikin kayan Sallah.

Bamokoye: Baba, da girmanku, zamaninku hoto a akwati yake kwana. Yanzu ko ya rataya a bango wani zai ɗauka da waya. Maganar Maman Ikram ta fi kusa da yau.

Tsohon Mai Hoto: Ita a buki aka ɗauke ta ba ta shirya ba. Wannan izini yake nema, ba ɗaya ba ne.

Mai Shayin Fada: Ni dai in za a ɗauka a cire wanda bai biya kuɗin pompo ba, mu ga mutum nawa za su rage.

Malama Hadiza: Kana wasa amma nan ciwon yake. A namu benen takardar ruwa ɗaya ce, mai gida ya ce a raba daidai. Ni kaɗai ce da ɗiyata, na sama da ni mutum 11 ne, ga wanki kullum, ga wankin babur. Na yi magana sau ɗaya, matarsa ta daina amsa mini sallama. Wane hoto zan tsaya da su?

Abban Sultana: Mu da kai ake lissafi, har jariri.

Malama Hadiza: To baƙon da ya zo daga Tibiri jinya ya yi wata biyu fa, kai ne ko ba kai ba?

Ɗan Bagalam: Baba na gode, zan fara da ɗan marigayin in an yi arba'in. Har yanzu dai ba a ce mini komai kan mai benen ba.

Bamokoye: Malama, ku nawa ta zo muku watan nan? Tamu ta kusa ninkawa, kuma kwana 4 pompo bai kawo sama ba.