Sikanin farkon ciki da lissafin ranar haihuwa

A wata tattaunawa da ma'aikatan awo suka yi kan lissafin watannin ciki, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa hoton ciki (sikan) da aka ɗauka kafin cikar mako 14 ya fi kowanne faɗin gaskiya. A lokacin ana auna tsawon ɗan tayi daga tsakar ka zuwa mazaunai, kuskuren kuma ba ya wuce kwana 5 zuwa 7, domin girman 'yan tayi bai fara bambanta sosai ba. Daga baya sai a koma auna kai da ƙashin cinya, a watannin ƙarshe kuwa kuskuren kan kai mako uku.

An fi daɗewa a kan matan da ba su riƙe ranar al'adarsu ta ƙarshe ba, da masu shayarwa da ciki ya shiga tun jini bai dawo ba. Lissafin mako 40 daga ranar farko ta al'ada ba zai yi musu aiki ba, don haka su garzaya a ɗauki hoton da wuri. Wannan shawara ce ta fi kama hankalina.

In lissafin al'ada da na hoto suka saɓa da fiye da kwana 5 kafin mako na 9, ko kwana 7 daga nan zuwa ƙarshen mako na 13, hoton ake bi. Ranar haihuwar da aka tsayar ba a sake ta saboda sabon hoto, shi ya sa ake so mace ta adana takardar farko cikin katin awonta.

Idan ba a ga bugun zuciya a mako na 6 ba, kada hankali ya tashi, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu.