Siraran mazari uku a hotona: iri ɗaya ne ko daban-daban?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Ina da hotuna uku na siraran mazarin nan masu haɗe fukafukai a bayansu idan sun sauka, duk a kan ciyawar bakin dam ɗin Tiga. Na farko ƙirjinsa kore ne, da shuɗi kusa da ƙarshen jela. Na biyu ƙirjinsa ruwan goro ne, jelar baƙa daga sama. Na uku ruwan goro ne tun daga kai har ƙarshe. Manhajar iNaturalist, mai gane halittu daga hoto, ta ce na farko da na biyu duk Ischnura senegalensis ne, alhali ni a idona na biyu da na uku ne suka yi kama. Me ake dubawa?

Mai Duban Ƙwari:
Wa'alaikumus salam, Malam. Bisa bayaninka manhajar ta yi daidai, kuma launi ne ya rikita ka. Launi shi ne abu na ƙarshe da ake dogaro da shi a wannan dangi.

Fara da jinsi. Jelar tana da gaɓoɓi 10, ana ƙirgawa daga ƙirji. Namiji yana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashin gaɓa ta 2, ƙarshen jelarsa kuma da 'yan ƙugiyoyin da yake kama mace da su. Mace jelarta ta fi kauri, kuma ƙarƙashin gaɓa ta 8 da ta 9 a kumbure yake, nan abin sa ƙwai yake.

Na farkonka namijin Ischnura senegalensis ne idan ka ga waɗannan: gaɓa ta 8 shuɗiya gaba ɗaya, ta 9 baƙa daga sama amma shuɗiya a gefe, gefen gaɓa ta 3 zuwa ta 7 rawaya-rawaya, sannan ɗigon da ke kusa da bakin fiffiken gaba launi biyu ne, duhu da haske. Wannan ɗigon shi ya fi komai amfani, domin a mazan Pseudagrion, wani rukunin siraran mazari, waɗanda su ma da yawansu ke da shuɗi a ƙarshen jela, launinsa ɗaya ne.

Na biyu macensa ce tana ƙarama. Matan wannan iri suna zuwa kala biyu: wasu sak namiji, wasu kuma su fara da ruwan goro, in sun manyanta su koma kore-kore ko ruwan ƙasa. Duba bayan ƙirjin, za ka ga baƙin layi ɗaya ya ratsa tsakiya, ruwan goron kuma ya tsaya a gaɓoɓin farko. In hoton gefe ya fita tas, akwai 'yar ƙaya ƙarƙashin gaɓa ta 8.

Na uku kuwa ɗan wani rukuni ne daban, Ceriagrion. Ba baƙin layi a ƙirji, ba ɗige-ɗige masu haske a bayan idanu, kuma ya fi Ischnura tsawo. Ceriagrion glabrum ya fi yawa a Afirka, amma yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai, sai an ga ƙarshen jelar namiji daga gefe ake rabewa. In hotonka bai nuna wurin ba, rubuta Ceriagrion kawai ka tsaya.

Malamar Lambu:
Ina goyon bayan wannan, sai dai kada a yi saurin rufe maganar na biyun. Matan Agriocnemis, wani rukunin ƙananan siraran mazari, su ma suna fitowa ja ko ruwan goro suna ƙanana, kuma su ma cikin ciyawar bakin ruwa suke zama. Girma ne ke raba su: Agriocnemis wajen milimita 20 ne, Ischnura senegalensis kuma wajen 30. To amma hoto ba ya faɗin girma. Dabarar ita ce, da zarar ƙwaron ya tashi, ka ɗora ma'auni ko ashana a kan karan da ya sauka, ka sake ɗauka daga inda kake tsaye, sai ka gwada hotunan biyu.

Abubuwa biyu kuma suna ɓata launi. Wanda bai daɗe da fitowa daga ruwa ba jikinsa a koɗe yake, fukafukansa na ƙyalli kamar leda, zanensa bai gama fitowa ba. Irin wannan a bar shi kawai. Tsoho kuma a wasu ire-iren yakan yi wata farar hoda mai shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa masa toka, ta rufe zanen da ake nema.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai. Na sake dubawa, baƙin layin yana nan a ƙirjin na biyu. Amma ƙarshen jela a dushe ya fito a duka ukun. Ina gyaran yake?

Mai Duban Ƙwari:
Kana ɗauka ne a karkace, kai ya fi jela kusa da kyamara, shi ya sa kan ya fito, jelar ta dushe. Durƙusa ka daidaita da tsayinsa, fuskar kyamarar ta yi layi ɗaya da jikin daga kai har jela. Da babbar kyamara, sa buɗewar idon kyamarar a f/8 zuwa f/11, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa saboda iska na kaɗa ciyawa. Da waya kuwa, takan kama ciyawar baya ta bar ƙwaron. Miƙa tafinka a daidai nisansa, danna allon ka riƙe har ta tsaya a wannan nisan, sannan ka janye hannun.

Hoto huɗu ake so ga kowane ɗaya: daga sama, daga gefe, fuska, da ƙarshen jela shi kaɗai. Je da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin ba su da kuzarin tashi. Matso a hankali, kada inuwarka ta faɗa kansa. In ka tarar da namiji riƙe da mace a wuya, ɗauki su biyun tare, domin matan Pseudagrion musamman ta nan aka fi gane su.