Yaƙin Winterfell: kun gani ko ji kawai kuka yi?

Sarkin Kallo: Salamu alaikum jama'a. Gardama ta sake tashi a majalisarmu kan duhun da ya yi yawa a kashi na 3 na zango na 8 na fim mai dogon zango Game of Thrones, wanda tashar HBO ta saka ranar 28 ga Afrilu, 2019, wato kashin da rundunar matattu ta Night King ta kai hari garin Winterfell cikin dare. Don Allah kowa ya faɗi yadda ya kalle shi karon farko.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a waya na kalla, wajen masu tura fim na karɓo, an matse shi don kada ya cinye min wuri. Minti 82 ina kallon baƙin gilashi, fuskata kawai nake gani a ciki. Ihu nake ji da ƙarar takubba, in an kunna wuta in ga rabin gemun wani. Sai washegari a shago aka gaya min Edd, abokin jarumin fim ɗin Jon, ya mutu.

Maman Biyu: Mu ƙarfe 2 na dare muka tashi ni da maigidan, lokacin saura mako guda azumi, ga zafi kamar me. Muka kashe fitilar falo, to mu dai mun gani daidai gwargwado. Wurin da ya tsaya min shi ne farkon nan, da matsafiya Melisandre ta kunna wa mahayan dawakin Dothraki wuta a takubbansu suka sheƙa cikin duhu. Daga nesa kake hango wutar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu ko ihu, har ta ƙare. Maigidan da ke ta surutu ya yi tsit. A nan kam duhun ya yi aikinsa, Ɗan Fagge, wayarka ce ta cuce ka.

Ɗan Fagge: Aunty, ai har Turawa masu manyan talabijin sun yi ƙorafi. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, cewa ya yi mutane ne ba su iya saita talabijin ɗinsu ba. Dare 55 suka yi suna ɗauka a Ireland ta Arewa, su ƙare da ɗora mana laifi?

Malam Na Zinder: Ni duhun bai dame ni ba, tsarin yaƙin ne ya hana ni zama. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake kare gari mai ganuwa ya san barade ba su fara sukuwa cikin duhu kan maƙiyin da ba a san yawansa ba. Ga ganuwa, ga gwalalo, amma aka jera dakaru a waje, gwalalon na bayansu. Sannan mata da yara aka kai su maƙabartar ƙarƙashin ƙasa, alhali abokin gaba sana'arsa ta da matattu. Tyrion da ake kira mai wayo yana ciki zaune! Ina faɗa da ƙarfi, ɗana na cewa Baba fim ne fa.

Ummi K.: Malam, duk da haka ni na yi kuka. Lyanna Mormont, yarinya ƙarama, basamude ya damƙe ta yana murƙushewa, ta soke masa ido kafin ta cika. Sai Theon da Bran ya yi masa godiya, ga kiɗan piyanon Ramin Djawadi a hankali. Da Arya ta diro kan Night King wuƙar ta faɗo zuwa ɗayan hannun, ihun da na yi sai da Mama ta fito da tocila tana tambaya ko ɓarayi ne.

Sarkin Kallo: A nan muka rabu ƙanwata. Tun zango na 5 a yaƙin ƙauyen Hardhome ake haɗa mana Jon da Night King ido cikin ido. Ranar biyan bashi ta zo, Jon yana maƙale a bayan dutse yana yi wa dodo tsawa. Barazanar da aka fara da ita tun 2011 ta watse da suka ɗaya.

Ummi K.: To Yaya, horon kisan da Arya ta sha a birnin Braavos na ado ne? Da Jon ne ya kashe shi, ku ne dai za ku ce kun sani tun farko.

Ɗan Fagge: Ku dai kuna da abin musu. Wanda ke da mai kyau, marar matsi, ya taimaka ya turo min.