Na'urar wasan yarona ta ƙi cin caji

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu gyaran waya na nan Kumasi. Nintendo Switch ɗin yarona ce, wadda kawunsa ya aiko masa. Cajarta ta asali ta ɓace, sai ya koma amfani da wata cajar waya mai araha. Ran nan aka ɗauke wuta a Aboabo, aka dawo da ita na'urar na jone. Tun ranar shiru.

Na danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 12, na share ramin caji da buroshi, na aro cajar asali mai volt 15 na bar ta kwana guda. Alamar batir takan leƙo, sai ta ɓace, bayan na'urar kuma ya ɗau ɗumi.

Wani mai gyara a Adum ya sa sabon batir, 4310mAh, ba ta canja zani ba. Yanzu ya ce M92T36 ne ya ƙone, ƙwayar da ke karɓar wuta daga caja. Don Allah, da mitar auna wuta ta yaya ake tabbatarwa kafin a ɗora wa ƙwayar zafi don a cire ta? Ko ƙafafun ramin cajin, wato USB-C, ne suka lanƙwashe? Wasannin da yaron ya yi nisa a cikinsu duk suna ciki, kullum sai ya tambaye ni.