Baƙin dutsen Biu a kankare: da gaske yana fasa gini daga ciki?

Ɗan Kwangila Biu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu aikin kwalbati biyu da wurin shan ruwan dabbobi a wani ƙauye kusa da Biu. Duk wanda ya san yankin ya san baƙin dutsen nan na tsohon aman wuta ya cika ko'ina, mata da yara ma suna fasa shi su tara a bakin hanya. Idan na ce sai tsakuwar giranit, kuɗin tifa kaɗai zai cinye ribar. To injiniyan da ke duba aikin ya ce kada in zuba ko kwano ɗaya sai an gwada dutsen, wai wani dutsen aman wuta yana faɗa da siminti, bayan shekaru kankaren ya kumbura ya tsage. Ya kai ni wani tsohon kwalbati da ya tsattsage kamar bayan kunkuru, wani farin abu na fitowa daga tsagar. Ni dai dutse na sani da ƙarfi, wannan kuwa guduma ma da ƙyar take cinsa. Maganar tana da tushe, ko dai ana so a tsawaita mini aiki ne?

Injiniya Ladi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tana da tushe, kuma ba ta shafi ƙarfin dutse ba ko kaɗan. Mu muna kiran abin ASR, wato faɗan sinadaran siminti da silikar dutse. Siminti yana ɗauke da sodiyam da fotasiyam, su ne suke sa ruwan da ya rage a ƙananan ramukan kankare ya yi kaifi sosai. Idan dutsen yana da silika (sinadarin da ke cikin yashi da gilas) wadda ba ta daskare da tsari ba, wannan ruwan yana narkar da ita, sai a samu wani abu mai yauƙi a jikin tsakuwar. Shi kuma yana shan danshi ya kumbura, ba shi da wurin zuwa, sai ya tura kankaren har ya tsage.

Dutsen aman wuta ya shiga zargi ne saboda ya huce da sauri a sarari, wani ɓangarensa ya daskare a matsayin gilas. Giranit kuwa a hankali ya huce a ƙarƙashin ƙasa. Wani injiniya, Thomas Stanton, ne ya fara bayyana matsalar a 1940 a Kalifoniya ta Amurka, kuma madatsar ruwa ta Parker da ke kan kogin Kolorado, wadda aka gama a 1938, ba ta jima ba ta fara tsagewa saboda duwatsun aman wuta da ke cikin tsakuwarta.

Sai abu uku sun haɗu: silika mai narkewa, siminti mai yawan waɗancan sinadarai, da danshi na kusan kashi 80 cikin ɗari a cikin kankaren. Da daben ɗaki ne ba zan damu ba. Amma kai kwalbati da wurin shan ruwa za ka yi.

Usta Garba Birkila:
Hajiya, a yi mini afuwa, amma mu da muke riƙe da cokali mun ga gine-gine da yawa da aka zuba da wannan dutsen suna nan daram. Yawancin kwalbatin da ke fashewa rowar siminti ce, da ruwa da lebura ke malalawa don kwaɓi ya yi sauƙi, sannan ba a ba shi ruwa bayan an cire katako. Farin abin nan ma ina ganinsa a inda aka yi aiki da giranit.

Malam Isa Mai Nazarin Duwatsu:
Usta bai yi kuskure ba, ita ma Injiniya haka. Dutsen Biu irin wanda ake kira basal ne, silikarsa ba ta kai ta sauran duwatsun aman wuta ba, shi ya sa sau da yawa yake zama lafiya. Waɗanda suka fi ɓarna su ne andesayit da rayolayit. Andesayit ne ya wahalar da Japan a gadoji a shekarun 1980. Sai dai ba a yi wa basal shaida da ido. Malala ɗaya tana iya bambanta daga sama zuwa ƙasa, saman da ya fi saurin hucewa ya fi gilas. Alhaji, ka fasa 'yan guda ka duba: idan akwai ƙananan ramuka cike da wani farin abu mai ƙyalli, ka ware irinsu. Dutsen da aka tsinto nan da can a bakin hanya ya fi ba ni tsoro fiye da na rami ɗaya, domin ba ka san abin da aka cakuɗa maka ba.

Farin da ke tsagar kuwa, zai iya zama farar ƙasa ce kawai ruwa ya wanko. Tsagar bushewa tana fitowa a makonnin farko, ta ASR sai an yi shekaru. Ba a tabbatarwa sai an yanko kankaren an duba a madubin ƙara girma.

Ɗan Kwangila Biu:
Na gode ƙwarai. To gwajin zai ɗauki wane lokaci? Damina na tafe. Kuma idan dutsen ya faɗi, shi ke nan sai giranit?

Injiniya Ladi:
Gwaji mai sauri shi ne wanda ake kira ASTM C1260. Ana niƙa dutsen a yi 'yan sanduna da siminti, a jiƙa su cikin ruwan sodar yin sabulu mai zafin digiri 80 na Salsiyos na kwana 14. Idan tsawonsu ya ƙaru da ƙasa da kashi 0.10 cikin ɗari, ka ci gaba da aikinka. Ya wuce 0.20, akwai matsala. Gwajin yana da tsauri, yakan kayar da dutse mai kyau, amma wanda ya fi shi gaskiya shekara guda yake ci, kai kuwa ba ka da ita.

Ko ya faɗi, akwai mafita. A nemi siminti wanda sinadaran nan ba su wuce kashi 0.6 cikin ɗari ba, ko a maye wani kaso na simintin da tokar kwal ko tokar aman wuta da aka niƙa lukui. Silikar da ke ɓarna a tsakuwa, idan ta zama gari tana shanye sinadaran tun kankare yana ɗanye. Ƙasar Aisland, wadda kusan duk dutsenta na aman wuta ne, a 1979 ta fara haɗa ƙurar silika a simintinta saboda wannan. Ka lura, garin farar ƙasa da ke cikin yawancin simintin buhu na kasuwarmu ba ya wannan aikin. Idan za ka haɗa toka, ka sa a sake gwajin da ainihin haɗin da za ka zuba, kuma samfurin ya fito daga ramin da tifarka za ta ɗebo.