Otal a Makka ya ce babu sunanmu, banki ya ce ba ruwansa: ina zan dosa?

Maman Husna, Leicester:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san dokar katin bashi a nan Ingila, don kaina ya kulle.

A watan Nuwamba na kama mana ɗaki biyu a wani otal da ke titin Ibrahim Khalil a Makka, kwana shida, domin Umara a hutun yara na Fabrairu. Ta wani shafin kama otal na bi, na biya fam 960 gaba ɗaya da katin bashi, suka turo min takardar tabbaci har da lamba. Da gangan na zaɓi kusa da masallaci saboda Mama da ta taso daga Kano muka haɗu a Jidda, gwiwarta ba ta barinta doguwar tafiya.

Mun isa wajen ƙarfe biyu na dare. Maigida da haraminsa a jiki, yara biyu suna gyangyaɗi a kan akwatuna, Mama ta samu kujera ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Yaron da ke karɓar baƙi ya buga lambar sau uku, can ya juyo min da fuskar kwamfutar, ya nuna da yatsa: an soke tun kwana tara da suka wuce, wai kamfanin da ya kama ɗakin bai tura musu ko riyal ɗaya ba. Ni kuwa ko saƙo ban samu ba. Daren nan sai da muka ja kaya zuwa unguwar Misfala, muka samu wani otal a kan abin da ya kama fam 1,310.

Tun da muka dawo ake ta ƙwallo da ni. Shafin ya ce in tuntuɓi otal, otal ya ce bai san da kuɗina ba. Wata maƙwabciyata ta ce in nemi haƙƙina a banki ƙarƙashin Sashe na 75. Na rubuta, jiya amsa ta zo: wai tunda ta hannun dillali na biya, sashen bai shafe ni ba. Gaskiya ne? Shi ke nan fam 960 ta bi ruwa, ga ƙarin 350 da na yi asara?

Bazazzagin Bradford:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya karɓi ibada. Ni ba lauya ba ne, amma na yi shekaru a sashen sauraron ƙorafi na wani kamfanin kati, irin wasiƙar da aka turo miki na sha ganinta.

Sashe na 75 yana cikin dokar bashin masu saye ta 1974. Abin da ya ce: idan kin sayi abu da katin bashi, farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, mai sayarwa ya saɓa yarjejeniya ko ya yi miki ƙarya a kan hajarsa, to kamfanin katin da mai sayarwa wuyansu ɗaya. Kina da damar kama wanda kika ga dama a cikinsu. Kasancewar otal ɗin a Saudiyya yake ba ya hana komai, tun 2007 Majalisar Lords, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta yanke cewa sashen ya haɗa da sayayyar ƙasashen waje.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar tana son igiya ta mutum uku: ke mai cin bashi, banki mai bayarwa, da wanda ya ɗauki alkawarin ba ki abin. Idan kuɗin ya faɗa hannun wani na huɗu, shi kuma zai miƙa wa otal, banki zai ce igiya ta tsinke. A nan suka laɓe. Sai dai ba kullum suke da gaskiya ba, sau da yawa ma'aikacin yana ganin sunan shafin intanet yake buga wasiƙar ƙi ba tare da ya karanta yarjejeniyar ba.

Ki duba min abu uku. Wane suna ya fito a takardar bayanin katin a gaban fam 960 ɗin, na otal ko na shafin? Sharuɗɗan shafin me suka ce, su dillalai ne kawai ko su ke sayar da ɗakin da sunansu? Sannan katin, na waye?

Baba Alhaji:

'Yata Allah Ya mayar da alheri. Amma ni tambayata daban ce: ina ke ina katin ruwa, har a tafiyar ibada?

Maman Husna, Leicester:

Baba na gode, amin. Muna biyan abin da muka kashe cif kafin ƙarshen wata, ba mu taɓa bari ruwa ya hau ba. Na san malamai sun yi magana a kai, wani zaman ne wannan.

Malam Bazazzage, na duba. Sunan shafin ne a takardar, ba na otal ba. Sharuɗɗan kuwa shafi goma sha wani abu ne da ƙananan rubutu, sai da na sa tabarau. Akwai inda suka ce su masu shiga tsakani ne, amma a ƙasa sun ce da zarar an biya su za su tabbatar da ɗakin su kuma biya otal a madadina. Katin na maigida ne, ni ƙarin kati ya sa aka yi min a kan asusunsa.

Bazazzagin Bradford:

Yawwa, gara da na tambaya. Mu fara da na ƙarshen, don shi ne ramin da mutane ba sa gani. A idon doka mai bashin shi ne maigidanki, ke ba ki sa hannu a yarjejeniyar bashi da banki ba. Bankuna kan ƙi biyan mai ƙarin kati da wannan hujjar. Abin da zai taimake ku shi ne da shi aka yi tafiyar, ɗakin na iyali ne, shi ma zai kwana a ciki. Saboda haka daga yau duk wasiƙa da sunansa za ta fita, ya kuma faɗa ƙarara cewa kin kama ɗakin ne a madadinsa da iyalinsa. Idan sunansa na cikin takardar tabbacin, ku ja layi a ƙarƙashinsa.

Na biyu, kuma wannan kada ya kwana: ya kira bankin gobe ya ce yana son a yi cajbak. Wannan ba doka ba ce, ƙa'idar Visa da Mastercard ce, bankinku zai janyo kuɗin daga bankin wanda ya karɓa saboda an biya ba a samu abin da aka saya ba. Ba ruwansa da maganar dillali, ba ruwansa da fam 100, har katin da ke cirar kuɗi kai tsaye daga asusu yana yi. Matsalarsa wa'adi. Yawanci kwana 120 ne, kuma a irin naku ana ƙirgawa daga ranar da ya kamata ku shiga ɗakin, ba ranar da kika biya ba. Kun riga kun ci kusan rabi. Abin da ke ba ni haushi, bankin da ya rubuto miki ya san da wannan hanyar sarai, ya kamata tun farko ya gwada ta kafin ya ce miki a'a.

Sai dai cajbak iyakarsa fam 960, abin da ya fita daga katin. Ƙarin 350 da kuɗin motar da kuka yi a daren, Sashe na 75 ne kaɗai zai iya ɗauko su, domin shi yana bin asarar da saɓa alkawari ya jawo. To a nan layin da kika gano da tabarau zai yi aiki. Kada ku ce otal ya saɓa muku. Ku ce shafin ne ya saɓa: shi ya karɓi kuɗin kai tsaye daga katin, shi ya yi alkawarin tabbatar da ɗaki da biyan otal, bai yi ba. Tsakaninku da shi igiyar ba ta tsinke ba. Ban ce lallai za ku ci ba, zai dogara ga yadda aka karanta sharuɗɗan, amma hujja ce mai ƙafa.

Ummu Sadiq, Manchester:

Maman Husna ki ji maganarsa. Ni a Istanbul aka yi min, ba ɗaki, kuma otal ɗin kansa na biya. Abin da ya cece ni hoto ne. Kafin in bar wajen na sa manajan ya rubuta min a takardarsu mai tambari cewa ba su da ɗaki, na ɗauki hoton. Duk da haka wata huɗu na yi ina bin banki. Kina da wani abu a rubuce daga otal ɗin?

Maman Husna, Leicester:

Wallahi a daren nan hankalina na kan Mama, ban yi tunanin takarda ba. Amma Husna, sarkin ɗaukar hoto, ta ɗauki fuskar kwamfutar lokacin da yaron ya juyo da ita. Har na yi mata tsawa. Yanzu na duba wayarta, lambar ta fito, ranar sokewar ma ta fito.

Bazazzagin Bradford:

To ki ba Husna tukwici. Ku haɗa hoton da takardar tabbaci, rasiɗin otal ɗin Misfala, da duk saƙonnin da shafin ya yi ta tura ku wajen otal. Ku sake rubuta wa otal ɗin imel ku roƙi layi biyu kacal: an soke ranar kaza, ba a biya mu ba.

Wasiƙar da za ku mayar wa banki, ku rubuta a samanta cewa ƙorafi ne a hukumance, ba neman bayani ba. Daga ranar suna da mako takwas su ba ku amsar ƙarshe. In sun ƙi, ko suka yi shiru, ku kai wa Financial Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, amma wata shida kawai kuke da shi daga ranar da ke kan amsar ƙarshen. Ki duba wasiƙar jiya ma, in ta ambaci Ombudsman da wata shida, to ita ce amsar ƙarshen, ƙirge ya riga ya fara.

Maman Husna, Leicester:

Na duba, ba ta ambata ba. Maigida ya kira su da safe, ya shafe minti arba'in a layi, sun buɗe cajbak ɗin sun ba shi lamba. Matar da ta amsa ta ce shafin na da damar musantawa, kada mu taɓa kuɗin ko sun dawo sai an rufe maganar. Wasiƙar ƙorafin ina kan rubutawa. Malam, fam 350 ɗin a riyal rasiɗin yake, da canjin ranar zan lissafa ko na yau?

Bazazzagin Bradford:

Ba ke za ki lissafa ba. In da kati kuka biya, ɗauko adadin da ya fito da fam a takardar bankin, ki maƙala ta a bayan rasiɗin.